Kifayen Rumfar Jiddo

Hanan da Mu'az, kun tashi kun tarar ana ba da labarin nan a gidanmu ba yadda ya faru ba. In Umma ce ke bayarwa, sai ta ce ranar da Nafisa ta ƙona wa Jiddo hannu, a yi dariya a wuce. In matan benenmu ne, sai su rage murya su ce ai Abbanku ne ya kai ƙarar tsohon wurin baladiyya, wato hukumar gari, shi ya sa ya daina raba kifi. Ba wanda ya ƙone, ba kuma wanda ya kai ƙara. A lokacin ke Hanan ba ki gama haƙori ba, kai Mu'az ba a ma haife ka ba, ni kuma, yayarku Nafisa, ina ajin ƙarshe na firamare. Yanzu da nake shirin gama makaranta in tafi gida Najeriya karatu, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, da Hausa, ko da sai Umma ta zauna ta karanta muku.

Jiddo Abakar ba kakanmu na jini ba ne, ko da yake na san ba ku taɓa tambaya ba. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Gumel a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi can Sudan, ya zauna noma har rai ya yi halinsa. Jiddo ne ya ƙarasa masa tafiyar, ya zo Jidda yana saurayi bai koma ba. Lokacin da Abba ya zo aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti bai san kowa ba. A ƙofar masallaci Jiddo ya ji shi yana waya da Hausa, ya jira ya gama, ya kama hannunsa. Shi ya nemo mana gidan nan na unguwar Bani Malik, shi ya nuna wa Abba inda ake samun kuka da daddawa. Ranar da ya ji Umma 'yar Gumel ce sai ya ce halas, ya samu 'ya. Daga nan Umma ba ta ƙara kiran sunansa ba, ba ta ƙara haɗa ido da shi ba, Abba kuma ya koma durƙusa masa kamar suruki. Shi ya raɗa miki suna, Hanan. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zo ya ci tuwo da miyar kuka a falo, wuri ɗaya kullum, bayansa jingine da bangon da ke ƙarƙashin taga.

Tunda ya zama uban Umma, ni na zama jika, jika kuwa abokiyar wasa ce. Tun daga matakala yake fara kira.

"Ina amaryata kurma? Yau ma ba za a zo a karɓi sandar maigida ba?"

Ni kuwa ina bayan labulen kicin. Ban taɓa rama masa ba ko sau ɗaya. Ba ƙin sa nake yi ba, ina son sa ƙwarai. Na san ƙarar tarinsa a hawa na biyu, na san babban yatsansa na dama yana da tabo fari, na san in miya ta yi masa daɗi ba ya yabo sai dai ya lumshe ido ɗaya. Kunyar magana ce kawai take hana ni. A makaranta ma haka nake, har wata malama ta taɓa tambayar Umma ko ina jin Larabci. Aikina na ranar Juma'a guda ne: in kawo buta da tasa in zuba masa ruwa ya wanke hannu, kaina a ƙasa, in gudu.

Sana'arsa sayar da kayan wasan yara ce, a wani ƙaramin shago na kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama. Amma in Sallah ta zo yana da rumfa a filin bayan layinmu, inda ake kafa lilo da ƙananan motocin karo. Kwalabe ne jere a kan tebur, yaro ya biya a ba shi zobban roba ya jefa, in zobe ya shiga wuyan kwalba ya ci. A da 'yar tsana ake ci ko mota. A ƙaramar Sallar wannan shekara ne ya zo da sabon abu, kifin ado, irin ƙananan nan masu ruwan lemo da wutsiya kamar mayafi. Kowanne a cikin leda, da ruwan da bai fi kofin shayi biyu ba. Jiddo ya hura iska da bakinsa, ya ɗaure da roba, ya rataye su a igiya ƙarƙashin fitilu. Daga nesa kyau ne da su wanda ba a magana. Yaran filin suka bar lilo suka dawo rumfarsa, shi kuwa sai murna yake, yana kiran kowane yaro da sunan da ya ga dama.

Sallar a tsakiyar zafi ta faɗo, lokacin da ko rana ta faɗi iskar Jidda tana nan kamar jiƙaƙƙen tawul a fuska. Na tsaya a gefen rumfar ina kallo. Kifayen da ke bakin igiya suna ɗan yawo, amma na tsakiya, waɗanda fitila ke saitinsu, sun daina. Sun taso saman ruwa, bakinsu yana buɗewa yana rufewa daidai inda ruwa ya haɗu da iska. Na ga yaro ya ci, ya ɗaga ledarsa yana girgizawa don kifin ya motsa. Wata yarinya ta hau lilo da nata a hannu. Wani uba ya karɓi na ɗansa ya ɗora a kan gaban motarsa da bai daɗe da kashewa ba, ya tsaya hira. Ni ban jefa zobe ba, mutane sun yi yawa. Jiddo ya hango ni, ya ciro leda ɗaya daga tsakiyar igiya ya miƙo.

"Ga goron Sallarki, marowaciya. Shi ma ba ya magana, kwa daidaita."

Da na karɓa sai na ji ledar da ɗumi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi.

Kun san shuɗin baramil ɗin da ke banɗakinmu. A lokacin zafi ruwan famfo daga tankin saman bene yake saukowa bayan rana ta gama gasa shi, shi ya sa Umma ke tara ruwa a baramil ya kwana ya huce. Ba hikima ce ta sa na ɗebi wannan ruwan ba, shi ne kawai hannuna ya iya shiga. Ban samu kwalba ba, sai na jawo babban bahon wankin Umma. Abinci kuwa, kunyar in ce Abba ya sayo nake ji, don haka kwana biyu ban ba shi komai ba sai ɓurɓushin biredi a kan farce. Daga baya Abba ya ce wannan rowar ma tana cikin abin da ya raya shi. Da safe na tarar ya sauka ƙasan baho yana zagaye, wutsiyarsa a baje.

Na sauran yaran ba su samu haka ba. Kafin a kwashe lilo daga filin na fara ganinsu. Ɗaya a kan tagar matakala, ya bushe, tururuwa sun yi masa layi. Ɗaya a bakin kwandon shara, kyanwa tana juya shi da ƙafa. 'Yar maƙwabtanmu na ƙasa ta ce ita kullum sai ta wanke kofin nata da sabulu ta cika da sabon ruwan famfo, amma ya mutu, ko maita ce. Wani yaro ya zuba wa nasa shinkafa da miya don ya ji tausayinsa. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya musu komai ne. An miƙa musu rai a leda kamar alewa, su kuma suka yi masa abin da suka sani. Da labari ya zaga bene cewa na Nafisa yana nan da ransa, sai iyaye suka fara ƙwanƙwasa mana ƙofa, musamman masu tafiya hutu gida. Wannan da kofi, wannan da robar man shanu, wannan da tulun sanya fure.

"An ce 'yarki ce mai hannun kifi. Amana, sai mun dawo."

Amana ba a mayar da ita, haka Umma ta ce, ko da yake ta yi kwanaki tana wanki a bokiti tana mita. Baho ya cika. Abba ya sayo abincinsu da wata 'yar na'ura mai hura kumfa. Duk da haka yawancinsu sun zo ne a makare. Na koyi gane wanda ba zai kai gobe ba: yakan matse fikafikansa ya karkata gefe guda. In na tsame shi sai in naɗe a tolifefa in binne a tukunyar na'ana'ar Umma da ke baranda. Ba na kuka, amma ranar ba na iya cin abincin rana. Kaɗan ne suka tsira, kuma su ne manyan nan da kuke gani yanzu a falo.

Wata rana bayan magariba ina canza musu ruwa, na ji Abba da Umma suna magana a kan abin.

"Wani abokin aikinmu Bature ya ce a wasu garuruwan ƙasarsu an hana ba da abu mai rai a matsayin kyautar wasa," in ji Abba. "Inda ba a hana ba ma, ba a miƙa wa yaro sai da babba a tare."

"A nan fa?"

"A nan ban sani ba. Na dai san akwai dokar kula da dabbobi, na kuma san izinin rumfarsa na kayan wasa ne. In ɗan baladiyya ya tsaya ya ce ina takardar kifi, kafili cewa zai yi bai san zancen ba. Baƙo mai iƙama, wanda takardar zama kawai gare shi, ba ya jira a karanta masa doka a bakin rumfa."

"Ni ba baladiyya nake ji masa ba," Umma ta ce. "Rai ne fa. Ka ɗaure shi a leda ka miƙa wa yaron da bai iya fyace hancinsa ba. Alhakin wa?"

"To ki gaya masa mana, ai ubanki ne."

"Ni? Ka taɓa ganin na ɗaga kai a gabansa? Kai da kuke sahu ɗaya a masallaci."

"Mutumin da ya tsaya mini a garin da ban san kowa ba, in zaunar da shi in ce sana'arsa zalunci ce? Da wane bakin?"

A nan maganar ta tsaya. Kowa a gidan ya san abin da ya kamata a faɗa kafin Babbar Sallah, kowa kuma ya san in aka faɗa ba daidai ba za mu iya rasa Jiddo.

Matarsa, Habboba Zainab, ita ta buɗe mana hanya. Ta zo wa Umma da gahawa wata la'asar, ta leƙa baho ta girgiza kai.

"Na gaya masa, ya bitti, 'yata, har na gaji. Cewa ya yi tunda nake soya kifi bai taɓa ganin na yi wa danginsa ta'aziyya ba." Ta kurɓi gahawa. "Gemun tsoho jika ke jan sa. Mu a garinmu, in kakana ya yi abin da ba a so, ba 'ya'yansa ke magana ba, mu ake turawa. Mu zuba masa gishiri a shayi, in ya yi ihu mu faɗa masa laifinsa a gaban kowa. Ba shi da damar fushi. In ya yi fushi da jika, shi gari zai yi wa dariya."

Ta juyo ta dube ni, ina durƙushe a bakin baho.

"Ga ta nan, Allah ya ba ta lasisi ta sa a aljihu."

"Nafisa?" Umma ta yi dariya. "Wadda ko sallamarta sai an kasa kunne?"

Ba wanda ya ce in yi. Amma tun daga ranar na san maganar a wuyana take. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Nakan shirya abin da zan ce tun daren Alhamis, in maimaita wa kifayen, amma da na ji tarinsa a hawa na biyu sai komai ya gudu. In zuba masa ruwa, ya ce amarya kurma, in koma bayan labule. Sai wata Juma'a, yana zama ko numfashi bai gama mayarwa ba, na ji ya ce wa Abba:

"Likita, ranar Lahadi zan shiga Khumra wurin mai kawo kifin nan, in sa ya ajiye mini. Wannan karon ninki zan ɗauka. Babbar Sallah ta fi jama'a."

"Allah ya ba da sa'a, Baba," in ji Abba, idonsa a kan darduma.

Na ɗauki buta na shiga banɗaki. Kullum daga baramil nake cika ta. Ranar na tsaya tsakanin baramil da famfo, ina jin kumfar baho a bayana. Ƙarfe ɗaya da wani abu ne na rana, lokacin da ruwan tanki ya fi zafi. Na buɗe famfo na cika buta. Sai da na zuba a bayan hannuna na gwada, don ba na so ya ji ciwo. Ba ya ƙuna, amma ba mai iya barin hannu a ƙarƙashinsa. Na fito, na durƙusa, ya miƙo hannu yana ci gaba da hira, na zuba.

"Ya Satir!" Ya fizge hannu yana yarfawa. "Ke! Dafa ni za ki yi a ci da tuwo?"

"Hannu kawai ka sa, Jiddo." Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. "A irin wannan ruwan yara suke zuba kifinka. Gaba ɗayansa."

Na ji Umma ta tsaya cak a ƙofar kicin. Na san in na yi shiru a nan ba zan sake farawa ba, don haka na ci gaba ban ɗaga kai ba.

"Tsoho mai rowa. Ka ba mutum baƙo, ba ka ba shi ɗaki ba, ba ka ba shi abinci ba, ba ka ce ga yadda ake yi da shi ba. Sun mutu, Jiddo. Kusan duka sun mutu."

"Nafisa!" Abba ya ce.

"A'a, Likita, bar ta. Tsakanina da ita ne." Jiddo ya yi dariya, irin wadda al'ada ta ce ya yi. "Ashe kurman ƙarya ce. Shekara da shekaru ana tara mini."

Amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Ya dafa sanda ya miƙe ya ce in nuna masa. Ya tsuguna a bakin baho da ƙyar, ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan na benen nan ne duka?"

"Waɗanda suka rage."

"Sauran fa?"

Na gaya masa na tagar matakala, da na kwandon shara, da tukunyar na'ana'a. Ya koma ya ci loma kaɗan, ya ce yana da uzuri, ya tafi bai sha shayi ba.

Juma'ar da ta biyo bai zo ba. Umma ta tuƙa tuwo kamar kullum, ya huce a kula. Ta gaba ma haka. Abba ya ce suna gaisawa a masallaci, amma Jiddo ya koma fita ta ɗaya ƙofar. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Abba yakan dawo daga Juma'a ya tsaya ya dubi bangon ƙarƙashin taga, sannan ya wuce ɗaki. Ke Hanan, da kin ji motsi a matakala sai ki rarrafa bakin ƙofa. Na shiga tunanin ko Habboba ta yi kuskure, ko al'adar garinsu ba ta ƙetare teku ba, ko kuwa ni ce ban iya ba, na yi faɗa na ce wasa ne. Da Umma ta kira ta a waya, abin da Habboba ta ce kawai shi ne:

"Yana nan yana ƙunƙuni. Bai je Khumra ba, bai kuma ce ya fasa ba. Ku bar shi ya gama dahuwa."

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, da hantsi, ba ma Juma'a ba, na ji tari a hawa na biyu. Umma ta buɗe ƙofa ta durƙusa, ya ƙi shigowa.

"Ba na shiga, fushi nake. A fito mini da mai ruwan zafi."

Na fito.

"Na fasa ledar," ya ce. "Ba don ke ba. Don kada kifayen su tare ni gobe ƙiyama ne, su da yawa ni kaɗai. Amma rumfa ba kifi rumfa ce ba yara. Na samo akwatin gilashi babba. Za ki ba ni aron waɗannan naki a zuba a ciki, a gani da ido ba a ɗauka. Ke kuma za ki zauna a gefensa har a tashi Sallah. Duk wanda ya ce ina kifinsa, ke za ki ba shi amsa. Wanda ya kunna wuta shi ke zama kusa da hayaƙi."

Magana da baƙi, da Larabci, a cikin taro. Na dubi Umma, ta ɗauke kai tana danne dariya. Ramuwarsa ke nan, kuma ya san inda ya fi mini ciwo.

"Ba kusa da fitila ba," na ce.

"Ji mini yarinya."

"Ruwan kuma daga baramil ɗinmu za a kai. Kuma ba mai buga gilashin."

"Har ni?"

"Kai ne na farko."

"Tamam, ya mudira," ya ce, wato shugaba. Ya juya ya fara sauka. "Ki ce wa uwarki kada ta ɗauka mun shirya."

Ranar Sallah da la'asar Abba ya kai ruwa a jarkoki, muka kafa akwatin a can cikin rumfa inda iska ke ratsawa. Na zauna a kan kujerar roba hannuna a cikin hijabi. Ba a jima ba wani yaro ya ci, ya nuna gilashi ya ce wancan mai farin ciki yake so. Jiddo ya miƙa masa mota, yaro ya ture. Ubansa, wani dogon Balarabe mai rawani ja, ya matso.

"Ya ammi, ƙaramar Sallah kifi kuka bayar. Me ya canza?"

"Tambayi mudira," in ji Jiddo, ya nuna ni da sanda ya juya baya yana tattara zobba.

Na miƙe. Na fara, mutumin ya ce bai ji ba. Na sake, da ƙarfi kaɗan. Na ce leda ba ta da iska, ruwan famfo yana da zafi, kofi ya yi masa kaɗan, kuma waɗannan da yake gani su kaɗai suka rayu a benenmu gaba ɗaya. Ina jira ya yi tsawa, sai ya shafa gemu.

"Wallahi namu ma kwana biyu ya yi," ya ce. "Na sayo wani a ɓoye don kada yaron ya sani, shi ma ya bi shi."

Yaron dai kuka yake. Na ciro ƙwayar abincinsu guda ɗaya na ɗora masa a tafin hannu, na ɗaga murfin. Ya saki, mai farin cikin ya taso ya cafke, yaro ya yi tsalle ya manta da kuka. Jiddo da ke kallo ta gefen ido ya ɗaga murya nan take:

"Yalla, yalla! Ka ci mota, ka ciyar da kifi da hannunka!"

Kamar shi ya ƙirƙiro. Kafin a tashi Sallah na yi wannan bayani har muryata ta dushe, kuma tun ina kallon takalman mutane har na koma kallon fuskokinsu.

A rana ta biyu ne ma'aikatan baladiyya biyu suka zaga filin suna duba takardun kowace rumfa. Sun tsaya a tamu, suka duba, ɗayansu ya leƙa gilashi ya ce masha Allah, suka wuce. Abin da matan benenmu suka gani ke nan suka ɗinka labarin ƙara. Har yau ban san abin da doka ta ce a kan kifin leda ba. Na dai san a ɗaya ƙarshen filin wani mai rumfa ya kwaikwayi Jiddo ya rataye nasa ledojin, kuma yara da yawa can suka koma. Ina hango su suna wucewa da ledoji a hannu suna kaɗawa. Ba abin da zan iya yi, shi ba kakana ba ne. Cinikin Jiddo ya ragu, bai taɓa faɗa ba. Sai bayan shekaru Habboba ta gaya mini cewa tafiyar da ya shirya zuwa Sudan ganin ƙanwarsa, sai da shekara ta zagayo ya samu yin ta. Ina so ku san wannan, don in ana dariyar labarin ba a faɗin wanda ya biya.

Juma'ar bayan Sallah ya hawo tare da Abba. Ya zauna a wurinsa kamar jiya ya tashi. Umma ta kawo tuwo cike da murna. Sai da ya yi bisimilla ya dubi Abba.

"Likita, kai ka san suna mutuwa?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Ka bar ni ina ta kwasar alhaki, kana ce mini Allah ya ba da sa'a?"

Abba ya sunkuyar da kai.

"Kunya ado ce," Jiddo ya ce, "amma ka ga makaho ya nufi rami ka yi masa kunya? To na yafe. Gaba in kun ga na kauce, tunda ku ba ku da baki, ga mai shi nan." Ya bubbuga darduma a gefensa. "Zo nan, mudira. Yau a kwanona za ki ci."

Na zauna. Ya kai loma, ya tauna a hankali, ya ɓata fuska ya ce da ƙarfi yadda za a ji a kicin:

"Miyar nan gishiri ya yi mata kaɗan."

"Gishiri ya ji," na ce. "Harshenka ne ya tsufa."

Daga kicin muka ji ludayi ya faɗi ƙasa.